Gidan murjani a cikin kwamfuta: kundin aikina a tsohon garin Jidda

8 ga Satumba, 2024

Dakta, malamin da ke duba aikin digirina, ya ce in buɗe kundi, wai duk abin da ban rubuta ba a ranar da na yi shi, ranar kare digiri zan iya rantsewa ban taɓa yin sa ba. To ga shi na buɗe.

Aikin shi ne mu ɗauki gida ɗaya cikin tsofaffin gidajen Balad, wato tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, mu gina shi a cikin kwamfuta, mu girgiza shi, mu ga ta ina zai fara tsagewa da irin girgizar da zai shanye kafin ya durƙusa. Da safe na gani a waya cewa yau shekara guda cif da girgizar Maroko mai maki 6.8, wadda ta kashe sama da mutum 2,900, galibinsu a ƙauyukan tsaunin Atlas masu ginin dutse da ƙasa. Masallacin Tinmel, ginin ƙarni na 12, yana cikin abin da ya rushe.

Da na gaya wa 'yan uwa a wurin mai shayi abin da nake karantawa, dariya aka yi mini. Wani ya ce, "Girgizar ƙasa a Saudiyya? Ka rasa abin karantawa ne?" Sai da na yi musu tuni. Bahar Maliya kanta tsaga ce a jikin ƙasa, yankin Larabawa yana janyewa daga Afirka da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kowace shekara. Ranar 22 ga Nuwamba, 1995, girgiza mai maki 7.2 ta auku a mashigin Aƙaba, ta yi ɓarna har a garin Haƙl na Saudiyya. A 2009 kuma, tsakanin Afrilu da Yuni, an ƙirga ƙananan girgiza sama da 30,000 a Harrat Lunayyir, wani filin duwatsun aman wuta a yammacin Saudiyya, babbarsu mai maki 5.4 ranar 19 ga Mayu, har aka kwashe kimanin mutum 40,000 daga yankin Al-Is. Gaskiya Jidda ba ta kai Haƙl ko Jazan haɗari ba. Amma gidajen Balad tsofaffi ne, dogaye, suna tsaye a kan ƙasa mai laima a bakin teku.

19 ga Satumba

Kwana uku muna awo da tef da na'urar leza, ni da abokin aikina, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno. Gidan hawa huɗu ne, tsayinsa mita 14. Kaurin bango santimita 80 a ƙasa, yana raguwa har ya dawo 50 a hawan ƙarshe. Dutsen shi ake kira mangabi, murjanin teku ne da aka sassaƙa, aka ɗora da lakar da ake haƙowa daga tafkin da ke arewacin tsohon gari. Kusan bayan kowane mita ɗaya akwai katako kwance cikin bango yana zagaye gidan, su ne takalil. A fuskar gidan kuma ga manyan tagogin katako da ake kira roshan, sun cinye kusan rabin bangon gaba.

Babbar ribar makon nan ita ce Baba. Limamin wani ƙaramin masallaci ne ya haɗa mu da ya ji muna Hausa. Tsohon magini ne, a nan aka haife shi, kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa ya tsallako ta Sawakin, tsohuwar tashar jirgin ruwa ta Sudan. Tun yana yaro yake ɗaukar laka wa mu'allimai, wato manyan maginan Jidda. Idan yana Hausa sai in ji kamar kakata ce ke magana, sai dai kowace jimla da Larabci a wutsiyarta. Muhandis, wato injiniya, yake kirana, kuma har yanzu ban gane ko girmamawa ce ko zolaya ba.

2 ga Oktoba

Mako biyu ina juya maganar wane irin samfuri za mu gina. Hanyoyin uku ne.

Akwai wadda ake ɗaukar bango kamar ginshiƙai da bim: abin da ke tsakanin taga da taga ginshiƙi, abin da ke saman taga bim. Tana da sauri, cikin mintuna an gama. Sai dai tana son gida mai tagogi a jere sahu-sahu, da daɓen bene mai tauri da zai ɗaure bangaye huɗu su motsa tare kamar akwati. Namu tagoginsa kowace da inda ta ga dama ta zauna, benensa kuma itace ne da tabarma da ƙasa a kai.

Akwai wadda ake zana kowane dutse shi kaɗai, a bar shi ya zame ko ya ɗaga daga kan ɗan uwansa. Ita ta fi kusa da gaskiyar gini, amma tana cin kwamfuta, kuma sai ka san yadda aka jera duwatsun, mu kuwa yaɓe ya rufe mana su, ba a kuma yarda mu kankare ba.

Ta tsakiya muka ɗauka. Za a yayyanka gidan gutsi-gutsi kamar raga, dubban ƙananan gutsattsari, a ɗauki dutse da laka a matsayin abu ɗaya kamar an tuƙa su tuwo, a gaya wa kwamfuta yadda tuwon ke jure danni da yadda yake jure ja. Ginin dutse gwani ne wajen danni, rago ne wajen ja. Tun 1966 Jacques Heyman na Jami'ar Kambirij ya ce idan ana lissafin irin wannan gini a ɗauka ma ba ya jure ja ko kaɗan. Mu za mu ba shi ɗan kaɗan, domin idan aka sa sifili lissafin ba ya tafiya.

15 ga Oktoba

Kwana huɗu lissafi yana cijewa tun a matakin farko, kafin ma a girgiza komai, gidan ya kasa ɗaukar nauyin kansa. Na zargi raga, na zargi kwamfuta. Ashe ni ne. Na zana gidan da milimita, na shigar da nauyin dutse da ma'aunin mita. Gidan da na gina ya fi dutsen Dala nauyi nesa ba kusa ba. Ban gaya wa Dakta ba.

29 ga Oktoba

Ba a taɓa jikin gidan tarihi, don haka daga tarin ɓaraguzan wani kango muka samu izinin ɗibar duwatsu. Aka yanka su murabba'i aka sa a injin matsa. Idan ka ɗaga ɗaya ka duba da kyau za ka ga ramukan murjani kamar saƙar zuma, wani har da ɓawon katantanwar teku maƙale a ciki. Na zuba wa ɗaya ruwa daga gorar hannuna, kafin in rufe gorar ya shanye.

Sakamakon ya warwatse. Wani dutsen ya ninka wani sau uku a ƙarfi, alhali daga kango ɗaya suka fito. Waɗanda muka jiƙa kwana ɗaya sun fi saurin murƙushewa. Abu ɗaya da ya faranta mini rai shi ne rashin nauyinsa, domin ƙarfin da girgiza ke jefa wa gini gwargwadon nauyin ginin ne.

17 ga Nuwamba

Mun ɗora na'urorin jin motsi a kowane hawa, muka zauna shiru a tsakar gida kusan sa'a guda. Kowane gini yana kaɗawa kullum saboda iska da motocin titi, ɗan motsin da jiki ba ya ji, kuma kowanne da saurin kaɗawarsa. Ƙa'idar ginin Turai mai lamba 8 tana da ɗan lissafin kintace, wanda ya ba gida mai mita 14 kusan daƙiƙa 0.36 a kaɗawa ɗaya, wato sau 2.8 a daƙiƙa. Na'ura ta nuna kusan sau 3. Samfurina ya ce sau 4.5.

Kenan na gina gidan da ya fi na gaske tauri. Dalilin a fili yake, taurin dutse na auna a ɗakin gwaji, bango kuwa dutse ne da laka da gurabe da tsufa. Saurin kaɗawa yana bin tushen murabba'in tauri ne, don haka sai da na rage taurin fiye da rabi kafin lambobin biyu suka haɗu. Da suka haɗu na ji daɗi ƙwarai, har na sayi soyayyar kazar Albaik na kai wa abokina.

5 ga Disamba

Gwajin turi na farko ya kammala jiya da daddare. Ana tura gidan ne gefe ɗaya a hankali, ana ƙara ƙarfi, ana rubuta nisan da samansa ya gusa, har ya gaza. Hoton ya fito gwanin sha'awa: jajayen tsage a gicciye tsakanin tagogin hawan ƙasa, irin wanda ake gani a littattafai. Gidan ya jure fiye da yadda na zata.

Yau bayan la'asar na ɗauki kwamfutar na kai wa Baba, ina ɗoki. Muka zauna a dakalin ƙofar gidan, ya gyara tabarau, na kunna masa sau biyu. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Muhandis, wa ya gaya wa injin nan naka cewa bangon gaba yana riƙe da na gefe?"

Na ce, "Baba, ai haka gini yake."

Ya ce, "Taso."

Muka hau hawa na uku, yana tsayawa yana hutawa a kowace kwana. A ɗakin da ke kallon titi akwai tsohon kabad jingine a kusurwa, wanda muka auna ɗakin a Satumba ba mu matsar da shi ba. Ya ce in ja. Bayansa tsaga ce tun daga daɓe har rufi, daidai inda bangaye biyu suka haɗu. Na zura hannuna ya shige har wuyan hannu, ina jin iskar lungu a yatsuna. Ya ciro ƙusa mai inci shida daga aljihu, ya nemi bakin katakon da ke kwance a bangon, ya danna da babban yatsa. Ta nutse kamar a burodi. Da ya zare ta sai ga gari yana zubowa.

Ya ce, "Shuf. Wannan itacen shi ne ɗamarar gida. A kusurwa ake haɗa na nan da na can, ɗaya bisa ɗaya, a buga ƙusa. Muddin yana da rai bangon nan ba ya zuwa ko'ina. Idan ya mutu, kalas, kowane bango ta kansa yake yi."

Ya ba ni labarin yadda suke rataye gida a da. Idan duwatsun ƙasa sun ci gishiri, sai a tokare takalil da gumagumai, a zare ruɓaɓɓun duwatsun da ke ƙarƙashi a sa sababbi, mutane na zaune a sama suna shan shayi. Na tambaye shi abin da ya kashe wannan itacen. Ya ƙwanƙwasa yaɓen da ke gefe. Siminti ne. Wani mai gida a wani zamani ya ga yaɓen farar ƙasa yana zuba, ya sa aka shafe da siminti don a huta. Laima ta taso daga ƙasa ta rasa hanyar fita, ta zauna a cikin bango tare da gishirinta. "Siminti kishiyar mangabi ce, ɗana," in ji shi.

A samfurina, duk inda bango biyu suka haɗu ragar ɗaya ce, a ɗinke take. Ni da hannuna na manne kusurwoyin ba tare da na san na yanke wata shawara ba. Takalil kuwa ban ma zana su ba, na ce ƙanana ne. Awon kaɗawar da na yi ta murna da shi ba zai tona wannan ba, domin a motsin da bai kai kaurin gashi ba, gogayya da yaɓe sun isa su riƙe kusurwa. Jan hoton nan kyan ɗan maciji ne.

8 ga Disamba

Na rufe kwamfuta na ɗauki biro. Bangon da ya rabu da maƙwabtansa ba ya jiran tsagewar gicciye, kifewa yake yi waje gaba ɗaya kamar an tura ƙyaure, yana juyawa a kan gefen gindinsa. Lissafinsa ɗan sakandare ma zai yi: zai fara ɗagawa idan turin gefe ya kai kaurinsa a raba da tsayinsa.

Bangon hawan ƙarshe, kauri rabin mita, tsayi mita 3.5, faɗi mita 4. Idan aka ɗauki tan 1.6 a kowane kubik mita, nauyinsa tan 11 da 'yan kai. Shi kaɗai, turin da ya kai kashi 14 cikin 100 na nauyinsa ya isa ya fara ɗaga shi. Idan akwai katako a samansa da zai iya riƙe tan ɗaya tak, sai turin ya kai kashi 32. Itace ɗaya ya ninka juriyar fiye da sau biyu. Idan kuwa tsagar ta bi kusurwa tun daga ƙasa har sama, aka ɗauki fuskar gidan duka, mita 14 a kan kaurin da bai wuce santimita 70 ba a tsakaice, abin ya faɗo wajen kashi 5. Sannan hawan sama ya fi ƙasa jin girgiza, domin gidan da kansa yana ƙara mata ƙarfi kafin ta isa can.

Na kai wa Dakta takardar. Ya karanta a tsaye, ya ce, "Wa ya nuna maka tsagar?" Na gaya masa. Ya ce in tambayi Baba ko zai yarda a sa sunansa a shafin godiya na kundin digirina.

14 ga Janairu, 2025

Yanzu samfuri uku nake da su na gida ɗaya. Na farko kusurwoyi a ɗinke. Na biyu a rabe, ba katako. Na uku a rabe, amma da takalil a matsayin sanduna masu jure ja har zuwa wani iyaka, sannan su zame. Na biyu yana kifar da bangon gaba tun turin bai je ko'ina ba. Na uku ya matso kusa da na farko, kuma ya fi shi kyan hali, domin yana tsagewa a hankali yana gusawa kafin ya saki.

Wani abu da ya ɗan kwantar mini da hankali: fara ɗagawa daban, kifewa daban. George Housner ya nuna haka a 1963, bayan an lura cewa wasu dogayen gine-gine sirara sun tsira a girgizar Chile ta 1960. Girgiza tana zuwa ne tana komawa, bango yana iya ɗagawa ya dawo ya zauna kafin ta kai shi ƙasa, kuma cikin tubala biyu masu siffa ɗaya, babban ya fi ƙaramin wuyar kifewa. Sai dai lissafinsa na abu ne dunƙulalle. Bangon mangabi da lakarsa ta zama gari yana iya wargajewa tun kafin ya yi wannan rawar, kuma a nan ma takalil ne ke riƙe fuskar waje da ta ciki kada su rabu.

Ba mutanen Jidda kaɗai suka san wannan dabara ba. A Turkiyya hatil suke kiran katakon, a Kashmir akwai ginin tak, kuma bayan girgizar 2005 masu bincike sun yaba yadda irin waɗannan gidaje suka tsaya. Ni kuwa azara ta faɗo mini a rai. Maginanmu suna binne azarar giginya cikin ƙasa don ta ɗauki jan da ƙasa ba ta iyawa, da ita Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar da bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Na yi shekara biyar ina karatun injiniya a gida, ban tuna ranar da aka ambaci azara a aji ba. Da na faɗa wa Baba ya ce kakansa yakan ce giginya ta fi duk itacen da ake kawowa ta teku, domin gara ba ta son ta.

9 ga Fabrairu

Na ƙara abin da na bari a baya: ɗakin bulo da wani ya ɗora a kan rufi, da tankin ruwa mai lita 2,000, wato tan biyu zaune a wurin da ya fi ko'ina kaɗawa, kusa da kusurwar da ta tsage.

Mun ɗan ja da Dakta. Yana son mu fitar da lanƙwasar rauni, zanen da ke cewa idan girgiza ta kai kaza, yiwuwar gidan ya lalace kashi kaza ne, har a yi amfani da shi ga sauran gidajen unguwar. Na ce gida ɗaya ya ba ni amsa uku, wacce zan zana? Ya ce ai amfanin zanen kenan, rashin tabbas ake zubawa a ciki. Mun tsaya a kan cewa lafiyar kowane katako za ta shiga lissafi a matsayin abin da ke canzawa, a maimaita gwajin sau ɗaruruwa, kowane zagaye da nasa rabon masu rai da matattu. Amma sai mun san rabon a gidan gaske, in ba haka ba ƙuri'a kawai muke jefawa.

Girgizar da za mu gwada da ita daga ƙa'idar ginin Saudiyya za ta fito, SBC 301, wadda taswirarta ke kan girgizar da yiwuwar a wuce ta kashi 2 cikin 100 ne a shekara 50, kusan sau ɗaya a shekara 2,475. Abokina ɗan Mai Wurno ya ce kafin nan ai Mahadi ya bayyana. Na ce lambar ba alƙawarin jira ba ce, bana ma tana cikin lissafi. Ya ce ya sani, tsokana yake yi. Ya kuma tuna mini cewa gidajen murjanin Sawakin ba girgiza suka jira ba, da aka mayar da tashar jirgin ruwa Fot Sudan aka daina gyara su, suka zube da kansu.

26 ga Fabrairu

Kwana biyar muna bin takalil ɗaya bayan ɗaya. Baba yana gaba da ƙaramar guduma da ƙusarsa, ni ina baya da alli da takarda. Mai rai yana amsawa ƙwal, matacce yana cewa buf. Akwai na tsakani, wanda ni ba na bambancewa, shi kuwa sai ya buga sau biyu ya karkata kai ya ce, "Wannan rabinsa ya tafi." Na gwada rufe ido in faɗa kafin ya faɗa, na ci shida cikin goma.

Mun gama hawa biyu na ƙasa. Bakin katako 46 muka samu isa gare su, 17 matattu, 9 rabi da rabi. Kusan duk matattun suna ƙarƙashin yaɓen siminti ne ko kusa da bututun banɗaki. Wannan ya ɓata mini tsarin da muka yi da Dakta, domin na shirya warwatsa matattun ko'ina cikin gidan kamar an watsa gero, alhali a gungu suke, kuma gungu ɗaya yana kusurwar arewa maso yamma. Dole in sake rubuta wannan ɓangaren.

Azumi saura kwana biyu ko uku. Baba ya ce ba zai hau bene da rana da bakin azumi ba, da daddare kuma Balad cika take yi da jama'a har sahur, ba za a ji amsar guduma ba. Mun yi da shi bayan sallar asuba, sa'a ɗaya kullum, mu fara da hawa na uku. Ana bukatar tsani mai tsawo saboda katakon da ke saman roshan, kuma allina ya ƙare.